Jemagun Bedi

Ni ke buɗe ƙofa kafin kowa,
ni ke rufe ta in an watse.
Shekara tara tsintsiya na hannuna
a majami'armu ta Sura Bildi,
na san mutanenmu ciki da bai
ta abin da suke bari ƙarƙashin benci.

Ledar ruwa da aka tsotse har ta shaƙe,
ɓawon gujiya, takardar alawa,
gwangwanin lemon bikin wani,
sai baƙar leda, uwar gayya,
wadda iska ke ratayewa
a bedin da ke bakin katanga
kamar jemagun da ba su san magariba ba.

Nakan tara, in ƙyasta ashana.
Hayaƙin ya bi taga
ya tarar da zumuntar mata na gwajin waƙa,
muryar Rifkatu ta karye da tari.
Ba wanda ya ce uffan. Ni ma ban ce ba.

Sai akuyar Inna Cima ta soma rama.
Ja ce jawur, irin tamu ta Maraɗi,
ita ce kuɗin lakwal na jikanta.
Ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje,
ga dusa gabanta, ko shinshinawa.
Da mahauci ya farke tumbin
sai ga leda dunƙule, ta kai kabewa.
A ciki na shaida wata shuɗiya:
ta shinkafar Kirsimeti ce.
Da hannuna na raba ta.

Ran Lahadi, da aka zo baiko,
Inna ta taso da sandarta,
ta ɗora dunƙulen a faranti, wankakke,
ta koma ta zauna.
Aka yi tsit, har kukan fanka ya yi yawa.
Fasto Nomau ya ninke takardar wa'azinsa,
ya ce, "Wanda ya ciyar da dubbai a jeji
bai sallami aiki ba sai da aka tsince ragowa.
Mu ɗari da ashirin ne kacal.
Wa muke jira ya tsince mana?"

Ba a kafa kwamiti ba,
don mun san halin kwamiti.
Barnaba mai walda ya yanke tano uku
ya jera a inuwa, bai karɓi ko dala ba.
Gwangwani ya tafi wurin masu zubin tukunya,
bayan wata huɗu ya dawo da ƙafa uku,
yanzu shi ke dafa wake ranar taro.
Yara suka cika ledar ruwa da ƙasa,
zogale ya tsiro a ciki, kai ka ce ya saba.
Randa da moɗa suka dawo bakin ƙofa
kamar tsofaffin da aka je biko.
Ɓawo kuwa rami na haƙa masa,
damina ta san yadda za ta yi da shi.

Kada in yi ƙarya a gidan Ubangiji:
makon jiya ƴan ɗaurin aure daga Tsibiri
sun bar mana fili kamar bayan kasuwa,
Barnaba ma na kama shi
yana tura leda da ƙafa ƙarƙashin kujera.
Ya ga na gani. Ya duƙa.

Zumunta ta sai wa Inna ƴar burguma.
Igiyar wuyanta Rifkatu ta tufka,
baƙar leda zalla, ta fi ta rama ƙarfi.
Abin da ya ci uwar garke
shi ke riƙe da sabuwa a turke.

Har yau ina shara, sai dai ba na tari.
Jiya na ƙirga jemagun bedi,
huɗu suka rage.
Na ɗauko gora zan sauke su,
ɗaya ya buɗe fiffike ya tashi.