Kwana Uku a Rana

Litinin zuwa Juma'a, a hawa na tara a Iloilo,
ina koya wa sabulu magana.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina sa kumfa ta yi alkawari,
ina sa mai cefane ta miƙa hannu a kanti
ta ce wannan, ba wancan ba.
Na san launin da ke kwance bakin jaka,
na san sa'ar da mai gajiya ke duba waya.
Mista Villaruel kan ce, "Dionisio, bakinka zuma,"
in koma gida, harshena lami.

Ran Asabar sai jirgin fito na ƙarfe shida,
sai Guimaras,
inda mata tara ke shanya kifi a kan gadon gora,
biyar cikinsu teku ya riƙe musu maza.
Kifi na kirki, amma dillali ke yanka kuɗi,
su karɓa, don tukunya ba ta jiran ciniki.

Na je musu da kwamfuta da wayon birni.
Na ɗauki hoton Lola Consorcia,
tafin hannu duk faso,
bayanta rufin da guguwa ta yaye,
na rubuta a ƙasa:
"Saya, ka share wa tsohuwa hawaye."
Na san zai ci kasuwa. Tausayi ba ya kwantai.

Ta ɗora tabaranta mai ƙafa ɗaya,
ɗayar zaren fatsa ne,
jikarta ta karanta mata sau biyu.
Ta yi shiru. Ta kori ƙuda.
"Ɗan nan, wa ka kasa a faifai, ni ko kifin?
Shekara arba'in a bakin ruwan nan,
wa ya ga hawayena da za ka sa musu farashi?
Kifina kwana uku yake yi a rana, ba biyu ba.
Ba na danna masa gishiri don ya rinjayi sikeli.
Rubuta haka.
Wanda bai saya ba, ya ci na wani,
ya kwana shan ruwa."

Na rubuta haka.
Kunya ta raka ni har jirgin yamma.

Muka zauna da fensir muka ƙirga komai:
gishiri, leda, kuɗin fito,
har ciwon baya muka ba shi layinsa.
Kowace leda da sunan wadda ta shanya,
da ranar da kifin ya bar ruwa.
Watan farko, leda talatin da bakwai.
Na ce a raina, gaskiya tana da nauyin ƙafa.
Wata na huɗu wani mai gidan abinci kusa da tasha
ya bugo yana tambayar na Erlinda,
na Erlinda kawai,
ita kuwa ta yi sati tana tafiya kamar ta sayi tekun.

Labari ya hau hawa na tara.
Villaruel ya ce, "Alheri ma talla ne, mu sa sunanmu."
Ban musa ba; albashina daga nan yake fitowa.
Na ce, rumfar shanya tana son kwano sittin.
Ya ce talatin. Na ce sittin.
Muka tsaya a hamsin da biyu,
da tambarin kamfani a gefen leda,
bai fi ƙwayar idon kifi ba.
Consorcia ta duba ta ce ya yi girma.

Har yau ina sayar da sabulu,
haya ba ta san Asabar ba.
Sai dai Litinin ɗin nan na goge layi guda
da na san kumfa ba za ta iya cikawa ba,
na zauna ina neman abin da sabulun ke yi da gaske.
Ta kusa da ni ta taɓe hanci, ta buɗe taga.
Ƙarnin kifi ne a wuyan rigata.
Na wanke ta sau uku da namu,
bai fita ba.