Insinuwet

Ajin dare a Aboabo, fanka ta mutu tun bara.
Tica Sumaila ya rubuta kalma
mai tsawo kamar layin motar Kejetiya:
insinuwet.
Ya ce, "Aikatau ne. A faɗi magana ba a faɗa ba,
a bi da ita ta bayan gida,
ta shige kamar ruwa a tsagar bango.
Galibi da ɗaci take zuwa."

Kowa na kwafa, alƙalamina ya tsaya.
Na tuna Inna Adiza mai waake
da safen nan a bakin kwalbati,
tana zuba wa Bawa direba a ganye,
ko kallonsa ba ta yi ba,
ta ce wa tukunya:
"Wasu cikinsu ba ya mantuwa, sai aljihunsu."
Bawa ya yi tari, ya laluba wando.
Sidi ashirin ta fito, ta makon jiya.

Na ɗaga hannu: "Tica, ai habaici ke nan,
gugar zana, shaguɓe, hannunka-mai-sanda.
Mu har huɗu gare mu."

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Madalla, Tahiru. Yi mana jimla."
Na daburce.
Sai ya dubi taga ya ce,
"Ruwan watan nan da ƙarfi yake,
har ya wanke wa wasu ranar biyan kuɗin aji."

Dariya ta ɓarke, na sunkuyar da kai.
Tun daren nan na iya kalmar,
ban ƙara neman ta a ƙamus ba.