Harsashi Ɗaya a Mabera

Bayan la'asar aka kira mu,
wai karen Tunau maigadi ya tsinke sarƙa,
ya yage ƙaurin ɗiyar Ige mai ƙosai.
Muka iske rabin Mabera bisa katanga,
kowa da hoge a hannu, babu mai saukowa.

Ja ne, kunne guda a yanke,
dalala har ƙasa.
Sufeto ya ce, “Kofur Nomau, kai.”

Shekara tara ina saɓe da bindigar nan,
ban taɓa auna mai numfashi ba.
Shi ya zaburo, ko ni na tsorata,
wallahi har yau ban sani ba.
Ƙara guda. Tantabarun gidan bulo suka watse.

Tunau ya iso da kwanon ƙanzo.
Bai zage ni ba.
Ya tsuguna yana kwance guntuwar sarƙar,
ya ce, “Sau biyu yana korar ɓarayi daga layin nan.”
Ige ta ce, “Ɗinki bakwai.”
Babu maƙaryaci a cikinsu.

A ofis na rubuta: harsashi ɗaya, kare ɗaya.
Takardar ba ta da gurbin suna.
Ashe Sai-Gobe ake ce masa.