Mai Cire Hula

Bara'atu, karɓi makullin.
Shekara goma sha ɗaya ina wanke wa mahaifinki ita
a wannan lungu na Rafin Daɗi,
yau gwiwa ta ce ta gaji.
Ajiye wayar nan tukuna, jawo kujera.

Fara da hular.
Tamfol ce, ba ƙarfe ba, tana da riƙo.
Kar garin sabulu ya taɓa ta.
Sau ɗaya na gwada, baƙinta ya koma toka,
Alhaji Sada bai amsa gaisuwata ba sai Laraba.
Ruwan randa, buroshi mai taushi,
ki bi saƙar yadda ta kwanta.
Kuma komai saurinki
kar ki naɗe ta da danshi:
hular da aka ninke a jiƙe
warin tsohuwar rijiya take yi.

Nema mata inuwa, amma ban da gindin bedi.
'Ya'yan na zuba, tsuntsaye ba su da kunya,
kashinsu in ya kwana sai ya ci fenti.
Kyanwar gidan Malam Rabe ta mai da rufin katifa,
ga sawun farcenta,
ni na ɗinke da zaren takalmi.

Gilashin baya roba ne.
Tsohuwar singileti ta ishe shi.

Kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas
ki zari tsinke daga tsintsiya,
akwai ramuka biyu inda hular ke kwanciya,
ta nan ruwa ke sauka.
Shekarar da na manta da su
da moɗa muka kwashe damina daga ƙarƙashin kujera.

Gaɓoɓin da ke ɗaga rufin, ɗigon mai suke so,
kamar nawa.
In ta cije a rabin hanya, kar ki yi mata ƙarfi,
saurara, za ta faɗa miki inda ke ciwo.

Duk Asabar ki tashe ta, ki zaga ko zuwa Ƙofar Sauri ne.
Batir ba ya son zaman makoki,
ɓera kuwa motar da ta yi shiru yake nema.
Auna baƙin mai da sassafe, inji na sanyi.
Cikinta dab da ƙasa yake,
in kin zo tudun titi, hau a karkace,
bar masu Keke su yi ta oda.

Fitarsa ta ƙarshe, hanyar Ajiwa, bayan la'asar,
ya ce in buɗe sama.
Iska ta fizge zannar da ke kansa.
Na taka birki.
Ya ce, Iro, ƙyale ta,
ai motar ma ta cire tata.

Da muka dawo ya ce in ba shi wuri,
ya ja kujerar baya daidai ƙafarsa,
ya riƙe sitiyari, bai kunna ba.
Tun ranar a haka nake tuƙi, ina miƙe yatsu.

Hannun yana ƙasa, ta hagu.
Ke za ki matso da ita gaba.