Uku Sun Isa

Malama Akosuwa ta ce uku sun isa.
Ta jera yatsu a kan littafin awo:
ɗaya da wuri, a san watan sauka,
ɗaya a tsakiya, a ƙirga gaɓoɓi,
ɗaya can gaba, a ga inda kai ya dosa.
Ƙari sai in an ga abin da ya ɗaga hankali.
Na ce to.
Bakina ne ya ce to.

Ita ba ta nan bara waccan,
ranar da cikina ya yi tsit a wata na bakwai,
ina juya wake da shinkafa cikin jan ruwan karan dafi
a bakin titin Aboabo,
ina miƙa canji, har da dariya,
ban san mai ɗakin ya riga ya tashi ba.
Ko suna bai jira ba.

Shi ya sa ƙafata ta koyi wata hanya.
Akwai bene a Asawase,
saman shagon mai facin taya,
inda ba a tambayar littafi,
sidi kawai ake tambaya.
A shafa man nan mai sanyi kamar kunun da ya kwana,
allo baƙi wuluk, gindin tukunya,
sai can wani ɗigo ya fara ƙifce,
sai sautin ya taso
kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta,
tak-tak-tak-tak,
ana ɗinka mini mutum.

Na uku ya ci kuɗin gawayi.
Na huɗu, zubin adashi.
Na biyar ban tuna me na sayar ba.

Mutawakilu ya dawo daga Suwame,
baƙin mai har gwiwar hannu,
ya buɗe gwangwani yana neman ashana,
ya tarar da su a ninke.
Ya ƙirga. Bai ce uffan ba.
Ya ɗaga guda a juye, ya kai shi kusa da fitila,
ya ce, wannan hancina ne, ba gardama.
Diddige ne.
Ban gyara masa ba.

Ranar na shida ana yayyafi.
Tsohon mai na'urar ya dube ni ta saman tabarau:
ke ce ta ran Talata.
Ya tura mini kuɗina da ɗan yatsa.
Ya ce, 'yata, abin da nake sayarwa minti goma ne,
kafin ki gama sauka daga benen nan
tsoron ya riga ki isa ƙasa.
Mai magana yana cikinki, koyi jin yarensa.
Ran da ya rage surutu kuma, kada ki zo nan,
kada ki jira gari ya waye,
nufi Manhiya, ko da takalmi ɗaya.

Na sauko ina jin haushinsa.
Har gida ina jin haushinsa.

Yanzu da dare in na wanke tukwane
nakan kwanta ta gefen hagu,
ƙoƙo kusa da kai, wake a tafin hannu.
Shuri ɗaya, ƙwaya ɗaya.
Wani lokaci ya yi kamar ya manta da ni,
in sha ruwan sanyi, in kira shi da sunan da ban faɗa wa kowa ba,
sai ya taka ni ƙarƙashin haƙarƙari
kamar mai neman a matsa masa a tabarma.

Tsoron bai tafi ba,
ya dai koma bakin ƙofa ya zauna.

Yau ƙwaya goma kafin a kira isha.
Ga ta sha ɗaya, yanzu-yanzu.
Alhamis ta sama zan je wurin Malama,
in hau gadon, in ɗaga riga,
in ta ce, na nawa ke nan?
in ce na uku.
Allah Ya yafe mini lissafi.