Kaɗi a Todmorden

An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.
To ga ni zaune, ga Dunƙule a cinyata,
kunnuwa kwance, hanci na rawa
kamar mai ƙirga bashi a zuci.

Kwana uku ruwa bai ɗauke ba.
A rumfar katako ta bayan gida
ina bin gadon bayansa da mataji,
gashin na biyo hannuna,
ba ja, ba kuka.
Noman wata uku
bai cika gwangwanin biskit biyu ba.

Glenys maƙwabciyata ta aro mini injin kaɗi mai tafiya da ƙafa.
Na gode mata, na jingine shi.
Mazarin Gwaggo Tabawa na ɗauko,
wanda ya ƙetaro teku cikin safa.
Ita da auduga ta saba, da alli a yatsa.
Wannan zaren santsi gare shi,
sau tara ya tsinke kafin la'asar.

Hula ɗaya nake so kafin Disamba,
ta wanda ke shurin cikin 'yata a Leeds.

Dunƙule ya yi atishawa.
Farin sili ya tashi, ya sauka a shayina.
Na tsame shi, na haɗa da sauran.