Gaiwa a Akwatin Gilashi

Ran kasuwar Kirikasamma gishiri na je saye,
na dawo da rai a cikin bokiti.

Talle masunci ya juye gorarsa kan tabarma:
tarwaɗa, karfasa, kurungu mai kukan ƙofar langa-langa.
Ni idona na can gefe,
kan wata 'yar siririya mai launin laka,
tsawonta bai wuce ludayi ba,
hannuwanta kamar zaren da tela ya manta bai yanke ba.
Ya ce, "Malam, gaiwa ce fa, ko romo ba za ta yi ba."
Na ce ba tukunya za ta ba.

Na dudduba ta kamar mai cinikin akuya:
fata ba kurji, wutsiya ba gutsure,
na kaɗa ruwan da yatsa, ta murɗe da ƙarfi.
'Yar'uwarta da ke kwance a karkace,
Talle ya ce in bar ta, ta riga ta yi sallama.

Akwatin na marigayi Ɗanbaba mai kemis ne,
a ciki yake jera maganin tari.
Na liƙe kusurwoyinsa da gam,
na wanke yashin rafi har ruwan ya washe,
na kifa fasasshen tulu ya zama ɗaki.
Ban cika shi fal ba, na bar taƙi guda,
don wannan kifin, in ka hana shi iska,
a cikin ruwa zai mutu kamar ni da kai.

Ladiyo ta tsaya bakin ƙofa da muciya a hannu:
"Mutane na kiwon kaji, kai kana kiwon igiya."

Na yi kuskure tun makon farko.
Na ga kamar kaɗaici na damun ta,
na kawo mata 'yan karfasa biyu su yi hira.
Da safe ɓawo kawai na tarar yana yawo.
Gaiwa ba ta zaman maƙwabtaka.
Tun ranar sai tana daga gindin magarya,
sai shinge in an yi ruwan dare,
da canjin tulu guda kowace Juma'a.

Daren da asma ta hana ni kwanciya
nakan haska mata fitila ta gefe.
Ta taso a hankali, ta ɓulo da baki,
ta ja numfashi ɗaya, ta koma ƙasa.
Ni ma in ja nawa.
Haka muke karɓa-karɓa har kiran assalatu.

Murfin nakan danne shi da ɗan dutsen niƙa.
Dare ɗaya na manta.
Gari ya waye, ruwa kwance, tulu wayam.
Na leƙa ƙarƙashin gado, cikin takalmi, bayan buhun gero,
na fara zargin kyanwar gidan Barau.
Sai muryar Ladiyo daga rumfa: "Zo ga igiyarka."
Gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa,
ta haƙa rabin jikinta, ta naɗe.
Ba ni na ɗauko ta ba.
Ladiyo ce ta jiƙa ɗankwalinta ta tallabo ta,
tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa kamar jika.

Talle ya ce in fadama ta ƙafe
haka suke shigewa laka, su rufe ƙofa da majinarsu,
su yi wata shida suna cin jikinsu
har hadari ya tuna da su.
Da wannan ake yi mata gori.
Ni da fanshona ya yi wata tara a hanya
ban yi dariya ba.

Yanzu ta kai kamu guda da 'yan kai.
In za ta juya sai ta lanƙwashe biyu.
Ladiyo ta ce in kogi ya kawo bana
mu kai ta bakin fadama, mu sake ta.
Na ce to.
Kogi ya kawo tun shekaranjiya,
ina jin sa daga nan.
Bokitin ne dai har yanzu ban gano inda na ajiye shi ba.